Minti Uku

Ni ne Anselmo, mai gyaran agogo a Layin Masunta,
a wani gari na bakin teku, can arewacin Fotugal,
inda iska ke lasar ƙofofi da gishiri.
Shekara talatin da ɗaya ina tonon cikin lokaci da ɗan tsinke,
ban taɓa taka zauren majalisar gari ba.

Sai ga takarda ran Talata,
da hatimi, da sa hannu kamar sawun kaza:
kuɗin rumfa ya hau, harajin allon shago ya ninka,
kwandon shara ma an yanka masa nasa.
Ermelinda mai kifi ta karanta sau biyu,
ta naɗe sardin uku a ciki, mai ya ɓullo ta ƙasa,
ta ce ko a nan takardar ba ta yi rana ba.

Wata takwas ke nan da suka fasa titinmu,
wai za a jera duwatsu masu kyan hoto.
Rami ya zauna har ya yi ciyawa.
Fausto mai aski ya gitta katako a ƙofarsa;
tsofaffi biyu suka haye,
sauran suka dubi ramin, suka shafa suma,
ba su sake biyowa ba.

Daren Alhamis muka tafi, mu goma sha huɗu,
cikin rigunanmu na zuwa coci.
Ma'aji ya haska lissafi a bango, ja ya rinjayi baƙi.
Ya ce akwai giɓi. Ya ce akwai bashin banki
tun maɓuɓɓugar da aka gina a dandali,
mai kifin tagulla da baki a hangame,
wanda tun ranar yanke ƙyalle
bai tofa ko ɗigo ba.

Aka ce jama'a su yi magana, kowa minti uku.
Ni za a auna wa minti!
Na miƙe, gwiwa tana ƙara.
Na ce, ranku ya daɗe,
agogon hasumiyar nan da ke kiran ku zama,
ni na sake masa haƙora bara waccan.
Yuro ɗari shida da arba'in, ga takardar, ta yi laushi a aljihu.
In kura na maganin zawo...
Sai ƙararrawar tebur ta katse ni,
alhali na hannuna ya ce saura daƙiƙa hamsin,
kuma nawa bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Aka ɗaga hannu: bakwai da huɗu.
Ɗaya yana duban wayarsa,
sai da aka taɓa shi ya ɗaga,
bai ma tambayi na me ba.

Muka fito cikin yayyafi.
Gracinda mai burodi tana lissafi da yatsu a ƙarƙashin laima:
gari, wuta, haya, yaron da ke taya ta.
Ta kai kan ɗan yatsa na ƙarshe, ta naɗe shi,
ba ta faɗi sunan yaron ba.

Ran Lahadi agogon hasumiya ya tsaya, ƙarfe huɗu da minti goma.
Masinja ya zo da hula a hannu.
Na ce ya gaya musu su sa a kasafin baɗi.
Na rufe shago, na ci abinci, na kwanta,
barci bai zo ba.

Gracinda da bugun ƙarfe uku take tashin kwaɓi,
masunta da na biyar suke kwance igiya.
Na ɗauki tocila da kwalbar mai.
Matakala casa'in da biyu, na huta sau uku,
na hura ƙura, na ɗiga, na tura da yatsa,
zuciyar ƙarfe ta amsa.
Na ƙara layi ɗaya a tsohuwar takardar, na mayar aljihu.
Gari ya waye a kan lokaci,
amma ba don su ba.